Sandar da Aka Bari a Bakin Komadugu

Mun tashi da asuba daga Diffa mu uku: maigidana, wanda nake koyon aikin lantarki a hannunsa tun da na gama jami'a, da ƙanen matarsa mai tuƙa mu, sai ni. Manoman tattasai na wani ƙauye kusa da Shetimari ne suka kira mu. Injinan ban ruwa biyu gare su masu aiki da hasken rana, ɗaya ya mutu bayan tsawa, irin tattasai kuwa yana jiran dashe.

Kwalta ba ta wahalar da mu ba, shingayen jami'an tsaro ne suka cinye mana safiya. A kowane shinge sai an sauke akwatin kayan aiki, sai na yi bayanin abin awon wuta. A Shetimari muka sha shayi da burodi, mai shayin yana ta kukan tsadar sukari kamar mu muka ɗora masa. Daga nan muka gangara kudu cikin laka, motar ta kafe, muka tura har kafaɗata ta yi tsami.

Bulaman ƙauyen ya tarbe mu da gaisuwarsu ta "wushe, wushe", ya kai mu lambu. Na buɗe akwatin injin da ya mutu, ƙaurin ƙuna ya buge ni. Na'urar kariya daga tsawa tana nan lafiya lau, 'yar tagarta koriya shar.

"Ɗana, kullum muna dubawa," in ji Bulama. "Masu kafa mana injin sun ce in ta yi ja mu kira. Ba ta yi ja ba. To mu kira wa?"

Na bi wayar da ya kamata ta kai ƙarfin tsawa cikin ƙasa, sai na iske ta a yanke, tana lilo. Manoman kwarin nan sun saba tun zamanin injin fetur, in kogi ya kawo sai a kwashe kaya a hau tudu. Bana ma da Komadugu ta taso, sun ɗauke faifan rana da akwatuna, suka bar sandar jan ƙarfen da ake ɗaure wayar da ita a binne inda ruwa ya rufe yanzu. Na'urar ba ta sami hanyar zubar da tsawa ba, shi ya sa ba ta canza launi ba.

"Baba Bulama, kun yi ƙaura kun bar mai gadi a tsohon gida," in ji maigidana.

"Shef, mai gadin naka ya shige ƙasa ya yi shiru. Wa ya ce mana shi ma yana tafiya?" in ji Bulama, wanda ke kiran duk wani shugaban aiki Shef.

Babu wanda ya yi dariya sosai, domin injin na biyu ma haka aka yi masa, ga hadari yana haɗowa daga gabas. Muka haƙa rami, muka kafa masa sabuwar sanda, muka zuba gawayi da gishiri da ruwa. Na auna, allurar abin awon ba ta gamsar da ni ba, muka ƙara wata. Yayyafi ya fara ina ɗaure waya ta ƙarshe. An kawo mana burabusko da bandar kifi, na ci ban san ɗanɗanonsa ba saboda gajiya.

Mun shigo Diffa gab da magariba, jiƙe. Na koyi cewa koriyar taga ba shaidar tsaro ba ce sai an bi waya da hannu har ƙasa, kuma wajibi ne mai kafa kaya a kwarin nan ya tambayi inda za su kwana in kogi ya kawo.

Injin na biyu ya tsira. Abin da ya salwanta: akwatin sarrafa wuta ɗaya, injin ban ruwa ɗaya, sandunan jan ƙarfe biyu a ƙarƙashin kogi, da irin tattasai na gidaje tara.