Gaban Motar Yayana

Har yau idan na ratsa ta bakin tasha a Birnin Kudu sai an sami wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Direba, yaya gaba, ya daina faɗuwa?" Sai in ɗaga masa hannu in wuce. Yawancin waɗanda suka fara wannan zolaya sun riga mu gidan gaskiya, amma ita tana nan garau, ta fi ni lafiya. Samarin da suke taya shi dariya ba su ma san mafarinta ba. Ni na sani, kuma har gobe ba ta ba ni dariya.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya sami kwangilar gina azuzuwan firamare a ƙauyukan Gwaram. Da can awon gyaɗa yake yi. Kafin a ankara ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya sayi jif mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda in ta shiga yashi ko laka ake tura mata ƙaramar giya ta fice abinta. Ni kuwa a lokacin babbar mota nake ja a hannun wani mutumin Kano, muna zaune lafiya. Inna ce ta aiko cewa in dawo gida in riƙe wa ɗan'uwana mota, don bai dace bare ya riƙa ɗaukar sa ina raye ba. Na ajiye wa mutane makullinsu na dawo. Ranar da na kama aiki ya ce mini a cikin gida in kira shi Yaya yadda na saba, amma a gaban mutane Alhaji. Na ce to.

Na so motar nan, ba zan ɓoye ba. Siminti muke loda mata, da kwano, da ƙusa, har sai bayanta ya kusa zama a ƙasa, sannan mu kama hanyar Gwaram mu karkata zuwa Maruta. Hanyar Maruta a wancan zamani sunan hanya kawai gare ta, burtali ne da aka ɗan faɗaɗa. Amma motar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

A wani gangare kafin rafin da ake tsallakawa na fara jin abin. Na taka birki, sai na ji ƙwas, sau ɗaya, daga ƙarƙashi ta gaba a hagu, kamar taɓarya ta bugi gefen turmi. Sitiyari ya ɗan fizge a hannuna, hancin motar ya sunkuya ta wannan gefen, sannan shiru. Na dubi Yaya yana zaune kusa da ni da rediyo a cinya.

"Yaya, ka ji?"

"Me zan ji?"

"Wani abu ya buga a gaba."

"Dutse ne. Ja mu je."

Ba dutse ba ne. Duk direba ya san kukan birki idan lainin ya cinye, ƙiii ne mai tsawo har cikin haƙoranka. Ya san gurnanin boris ɗin taya idan ya fara mutuwa, wanda yake ƙaruwa da gudu. Wannan ba ko ɗaya ba ne, kuma ban san ko mene ne ba. Abin da na sani shi ne akwai wani ƙarfe a ƙarƙashina da yake motsi a wurin da bai kamata ya motsa ba, ga siminti a bayana, ga rafi a gabana, ga leburorin da muke ɗaukowa a saman kaya. Kullum muka zo gangaren sai ta yi, kullum sai in dubi Yaya, kullum sai ya ce bai ji komai ba.

Makanikinmu mutumin kudu ne, Kirista, wanda ya dawo rumfarsa a bayan tasha bayan an gama yaƙin basasa. Mutumin kirki ne mai sanyin hannu. Yana jin Hausa sosai, har ciniki da zolaya, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Matarsa "ya tafi kasuwa", ɗansa "ta tafi makaranta", mota kuwa yau namiji ce gobe mace. Kowa ya saba, ba mai ɗaga kai.

Al'adarsa ita ce ba ya taɓa mota sai ka yi masa kukan da bakinka. Na tsaya a gaban masu faci da 'yan kamasho na ce ƙwas. Ya ce in sake. Na sake. Sai tambayoyi: da kaya ko babu kaya? Sau ɗaya ko a jere? In an ja da baya aka taka birki, yana yi? Wannan ban taɓa gwadawa ba. Ya sa jak ya ɗaga ƙafar hagu, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta gefe da gefe ya girgiza, ba ta ce uffan ba. Ya kwance ya duba lainin, da sauran namansa. Ni na matsa masa cewa boris ne, ya canza don ya rabu da ni, washegari a gangare ta sake yin ƙwas ɗinta. A rumfar makaniki kuwa, babu kaya, ƙasa a shimfiɗe, ko tari ba ta yi. Mota ce mai kunyar baƙi.

Da ƙyar na shawo kansa ya biyo ni wata rana da cikakken lodi, ranar da Yaya ya tafi Kano. A gangaren ya ji da kunnensa. Ya sa na hau da baya na taka birki, ta sake bugawa. Sannan ya sauka ya tsaya a gefe, ya tsuguna yana kallon ƙafafun gaba, ya ce in sake gangarowa. Da na tsaya ya ce ya ga hancinta ya faɗa hagu, kuma yana zargin wurin da aka ɗaure ƙarfen ƙafafun gaba da sifirin da ke ɗauke da nauyin motar, amma ba zai rantse ba sai an bar masa motar ya shiga ƙarƙashinta a natse. Na ji sanyi a raina. Ga wani ɗan Adam ya ji abin da nake ji.

Muka sami Yaya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana ƙofar gida a kan darduma, mutane sun kewaye shi, irin waɗanda kwangila take tarawa. Makaniki ya gaishe shi ya ce, "Alhaji, abin da direba ya faɗa gaskiya ne. Ni da idona na gani. In ya zo gangare ya taka birki, gabansa yana faɗuwa."

Sai wuri ya kece da dariya.

Na ce, "Gaban motar yake nufi, Alhaji."

Wannan ya ƙara musu. Makaniki ya dubi fuskokinsu bai gane abin da ya faɗa ba, ya sake jaddadawa cewa wallahi yana faɗuwa sosai, har ana gani daga nesa. Yaya ya yi dariya har sai da ya dafe hularsa. Da ya samu numfashi ya ce, "To ai makaniki ya gano ciwon. Ashe ba a jikin motar yake ba."

Duk wanda yake wurin ya san bakin mutumin nan. Babu wanda bai san mota yake nufi ba. Amma maganar ta yi daɗi, kuma mai gida ne ya fara dariya.

Ba a yi nisa ba Yaya ya kira ni zaure ya karɓi makulli. Ya ce in huta har gabana ya kwanta, don ba zai so ya riƙa jefa ƙaninsa cikin abin da yake tsorata shi ba. Ya miƙa makullin ga ƙanin matarsa, wanda bai daɗe da koyon tuƙi ba. Na je wurin Inna da zafina. Ta ce, "Yi haƙuri, yayanka ne. Kada in ji ka daina gaishe shi." Ita ce ta kira ni gida, amma wannan ba ta tuna ba, ni kuma ban tuna mata ba.

Na nemi aiki a tasha. Maganar ta riga ni zuwa. Mai mota zai karɓe ni da fara'a, ya sa a kawo ruwa, sannan ya ce su hanyarsu da gangare da yawa. Wani ya ce mini ƙiri-ƙiri shi mai dakakkiyar zuciya yake nema. Ni da na sha hawa da saukar duwatsun Jos da babbar mota cike da kaya. Mutumin Kano kuma ya riga ya ɗauki wani. Daga ƙarshe injin niƙa na koma kula da shi a unguwar Surko, na yi shekaru gari yana shigar mini hanci.

Motar kuwa ta ci gaba da zirga-zirgarta. Ba ta faɗi ba, ba ta kashe kowa ba, aka gama azuzuwan Maruta aka kama wasu. Ban taɓa yi mata fatan haɗari ba, da mutane a kanta. Amma duk ranar da ta wuce lafiya sai wani abu ya ƙara mutuwa a cikina, har na fara tambayar kaina ko dai da gaske tsoro ne, ko kunnena ne ya yi mini ƙarya har ya ja makaniki. Wannan shi ya fi rashin aikin ciwo. Na kai ga ko keken wani na hau na ji ƙara, sai in yi shiru.

Lokacin da makaniki ya tsufa zai koma garinsu, ya zo Surko ya yi mini sallama. Na kashe inji muka zauna a inuwa. Ya ce ya daɗe da gane abin da bakinsa ya ja mini, in yafe masa. Na ce ba komai, kuma da gaske nake. Sai ya ce akwai abin da aka hana shi faɗa.

"Makon da aka karɓi makulli, Alhaji ta kawo mota da kanta."

Na san bakinsa, don haka na ce, "Wa ya kawo? Matar ko ƙanin matar?"

Ya buɗe baki ya ƙwanƙwasa haƙorinsa na gaba da farce, daidai inda na zinariyar yake.

"Na ce ya yi mini kukan da baki. Ya yi ƙwas. Ya ma fi ka iyawa. Ya ce a hagu ne, in an ɗauko siminti, kuma tun ranar farko yake ji."

Notinan da suka ɗaure ƙarfen da sifirin ne suka saki, in ji shi, shi ya sa in an taka birki da nauyi ƙarfen yake zamewa ya buga. Kafin shayin da aka kawo wa Yaya ya huce an gama ɗaure su.

Na raka shi bakin hanya, na dawo na tayar da inji, don akwai mata suna jira da dawarsu.

Yaya yana nan da rai, ya tsufa, kwangila ta daɗe da ƙarewa, mutanen ƙofar gida sun watse. Ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, saboda maganar Inna. Nakan same shi a ɗaki shi kaɗai, babu kowa sai mu biyu. Yakan ɗago ya yi murmushi, haƙorin nan ya fito, ya ce, "Ƙanena, yaya gaba?"

Sai in ce, "Lafiya lau, Alhaji."