Biskitin Gwaggo Rabi a Kan Teburin Jarrabawata

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Rabi a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, ya san ba a miƙa mata abu ta karɓa haka kawai. Sai ta juya shi, ta shinshina, ta kalle ka ta wutsiyar ido. Wallahi har takardar likita sai da ta shinshina a gabana! Maganarta kullum ɗaya ce: "Akwai wata a ƙasa."

Ni Hadiza, ɗiyar ƙanenta, karatun zane ya kawo ni Paris. Na riga na faɗi jarrabawar ƙarshe sau ɗaya, in na sake faɗuwa ba za a sabunta mini takardar zama ba, sai gida. Da na kai mata kukana ta ce, "To zana ni in gani." Na ce, "Gwaggo, namu ba irin wannan ba ne, tunani muke nunawa." Ta ajiye ludayi. "Tunani? Akwai wata a ƙasa."

Don ta fahimta na kai ta wani baje kolin zane a unguwar Belleville. Farin ɗaki fayau, kujera ɗaya a tsakiya, takarda mai sunan mai aikin manne a bango. Ta raɗa mini, "Ɓarayi sun riga mu ne?" Hawan jirgin Metro ya gajiyar da ita, sai ta yi zamanta daram a kan kujerar. Mai gadi ya sheƙo yana "Madam! Madam!" Na ce, "Tashi, Gwaggo, kujerar ita ce aikin!"

"Wa ya haɗa ta?"

"Mai aikin saye ya yi."

"To ina sunan kafintan? Na wannan mayaudarin kawai nake gani."

Haushin nan ta koma Lyon da shi. Ta gasa biskit, ta dama sukari da farin ƙwai, ta ɗura a 'yar leda ta yanke bakin kamar mai yin lalle, ta hau zanen bangon gidajen Damagaram a kai, layi siriri ba karkata. Na je hutu ta tura mini faranti. "Ga nawa tunanin. Ci ki faɗa mini." In tana aikin kuwa har labule take saki, wai maƙwabciyarta 'yar Chadi na leƙen zanenta. Alhali maƙwabciyar nan ko allura ba ta iya zura wa zare!

Aikina na jarrabawa tebur ne babu komai a kansa, da dogon bayani kan kewar gida. Ranar jarrabawar sai ga Gwaggo ta sauko daga jirgin ƙasa da kwano a ɗaure cikin ɗankwali. Na fita kiran malamai, muka dawo, innalillahi! Ta shimfiɗe teburin da biskit kaf. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

Babban malaminmu ya zagaya teburin yana gyaɗa kai, ya ce a kawo gilashi a rufe kada kowa ya taɓa. Gwaggo ta zungure ni. "Me ya ce?" Na fassara. Ta ce, "An ba mutum abinci ya ƙi ci, yana ta zagaye? Ce masa ya ci a gabana." Bawan Allah ya ci ɗaya, ya ƙara, sukari har a gemu. Sannan ya dube ni ya ce, "Ke kika yi su da hannunki?"

Na waiwayi Gwaggo. Gwaggon da ke cewa ba ta jin Faransanci ta take mini ƙafa, ta ce, "Wi, Mushe," wato e, Malam. "Ita ce."

Na ci jarrabawa. A hanyar tasha na ce, "Gwaggo, ƙarya fa kika yi." Ta ce, "In zauna a kore ki a kan tebur ba komai? Jibi ki zo Lyon ki koya, ƙaryar ta zama gaskiya." Wata uku tana buge mini hannu kafin ta ce layina ya miƙe.

Bara ta rasu, kuma har yau in na ɗauki ledar nan sai hawaye ya hana ni ganin layi. Ya Allah, wannan ƙaryar domina ta yi ta, kada Ka kama ta da ita. Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta.