Irin Dankalin da Aka Ba Pyo Dal-su

Pyo Dal-su manomi ne a wani ƙauye cikin tsaunukan Gangwon, dab da shingen wayar da ya raba Koriya biyu. Yaƙi ya tafi ya bar masa gona cike da ɓaraguzan bom da kunne guda da ya daina ji. An san shi da amana, shi ya sa da tashar binciken noma ta haɗa kai da masanan ƙasashen waje suka fitar da irin dankali marar cuta, dattawa suka ce shi za a ba ya yawaita wa kowa.

Malama Yun, matashiyar da tashar ta turo, ita ta kawo buhunan. Ta ce, "Kawu, kar ka gauraya shi da wani. Ko ɗaya ya shiga, cutar ta dawo."

Hunturun shekarar ya yi tsanani. Matar ƙaninsa, wanda ya rasu a yaƙin, ta iso da 'ya'yanta, sha'ir kuma ya ƙare tun ƙanƙara ba ta narke ba. Dal-su ya kwance buhu da niyyar ɗibar kaɗan. Kafin lokacin shuka rabi ya shige tukunya. Ya cike giɓin da tsohon dankalin kasuwa, ya binne, ya yi shiru.

Ganye ya nannaɗe, 'ya'yan suka fito kamar ƙwan tattabara. Mutane suka yi wa Malama Yun caa a bakin gona.

"Wannan ne dankalin masu ilimi?" in ji tsoho Gu, mai garin, yana jujjuya ɗaya a tafin hannu. "'Yata, mayar musu su yi maɓallin riga."

Aka kwashe da dariya. Ita dai ta tsuguna ta tono gindi biyu, ta ga ɓawonsu ba iri ɗaya ba ne. Ta ɗago ta dubi Dal-su. Ya sunkuyar da kai, ya juya mata mataccen kunnen.

Da aka watse ta matso ta ce, "Yaran sun fita hunturu lafiya?"

"Sun fita."

"To, madalla."

Ba ta tona masa asiri ba. Aka ɗora mata laifin, aka mayar da ita wani lardi. Ƙauyen ya yi shekaru yana ƙin sabon irin, yunwar bazara kuwa ba ta fasa zuwa ba. Dal-su kaɗai ke hawa tsauni zuwa tashar ya karɓo iri, ya shuka a gonarsa ta bakin hanya inda kowa zai gani. Sannu a hankali maƙwabta suka fara roƙo, yana ba su, ba ya tsayawa jin godiya.

Da ya tsufa gunduma ta kira shi karɓar lambar yabo kan yaɗa irin. Ya ce ciwon ƙafa ya hana shi. Duk sabon ma'aikacin da tashar ta turo sai Dal-su ya tambaye shi labarin Malama Yun. Wani ya taɓa ce masa ta daɗe da barin aikin, tana sayar da yadi a birnin Busan, amma bai san unguwar ba.