Sandar Gorar da Na Kawo Daga Japan

An tura ni Japan ne koyon gyaran injinan ban-ruwa. Injin kam na koya, amma abin da ya shiga jinina daban ne. Mai gidan da nake haya, wani tsoho da bai kai kafaɗata ba, shi ya ja ni kendo. Wasan takobi ne, sai dai da sandar gora. Ka rufe fuska da ragar ƙarfe, ƙirji da sulke, ku fuskanci juna kuna kururuwa kamar an taka muku ƙafa.

Ni kaɗai ne baƙar fata a ɗakin. Da farko har yara jibgata suke, don da na ga sanda ta taso sai in runtse ido in ja da baya. Tsohon nan ya yi ta ƙwala mini a ka har na daina. Karatunsa bai da yawa: miƙe wuya, dubi mutum ɗaya cikin ido, shiga gaba. Idan ka same shi tsaf, alƙali ya ɗaga tuta, ka sauke sanda. Jarrabawar farko na faɗi. A ta biyu suka ba ni matakin farko na ƙwararru, tsohon ya ce yanzu na fara.

Na dawo Katsina ana shirin soja su koma bariki. Kowane bango ya sha fosta, shagunan da ba kowa duk sun zama ofishin jam'iyya. A gidanmu na Ƙofar Kwaya aka taru kallon kayana. Inna ta juya ragar fuskar ta ce, "Wannan hwa kwandon kaji ne. Shi ka tafi nema?"

Ƙanina mai bi mini, hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa, yana da mata da 'ya'ya. Mutum ne mai sanyi, ko gardamar ƙwallo ta yi zafi tashi yake. Wani ɗan takara, abokin cinikinsa, ya sa shi cikin masu raka shi kamfen.

"Yaya, koya mini abin nan mana. Inda muke zuwa akwai kauraye, 'yan dabar nan."

"Kai da zakara ya taɓa kora daga soro har ɗakin Inna?"

"Ai shi ya sa."

Muka fara a tsakar gida bayan sallar asuba, matarsa tana hura wuta tana yi mana dariya. Ashe yana da hannu. Kafin a fara sanyi ya daina ƙifta ido, ya daina ja da baya. Har faɗa masa na yi, abin da na yi shekara ina fama shi ya ɗauke a 'yan watanni.

Ranar da abin ya faru ba na wurin. Bayan la'asar ne, ayarinsu ya yi kiciɓis da na abokan hamayya wajen Ƙofar 'Yandaka. Duk ɗan garin nan ya san abin yi idan duwatsu suka fara tashi: ka tattare riga ka nemi lungu. Haka kowa ya yi, motar ɗan takarar ma da baya ta fita. Ƙanina ya zare sandar wata tuta ya tsaya. Wani da ya gani daga shago ya ce wuyansa a miƙe, idonsa a kan na gabansa. Ya shiga, ya sauke masa guda a tsakar ka, mutumin ya zube. Sai ya sauke sanda, kamar yadda muke yi a tsakar gida.

A can Japan babu mai zuwa maka ta baya. A nan wani ya zo masa ta baya, da gora mai ƙarfe a kai.

Ƙanina ya rayu. Hannun dama dai ko mudu ba ya ɗagawa, magana kuma sai da ja. Ƙanin matarsa ke zama a rumfarsa ta kasuwa yanzu. Ɗan takarar ya ci zaɓe, ya aiko da buhun shinkafa da gaisuwa. Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Da yamma nakan je in fito da shi soro ya sha iska. Wata rana ya daɗe yana kokawa da harshensa, ina jira.

"Yaya... na same shi... tsaf."

"Haka aka ce mini."

"Da a can ne... sun ba ni maki?"

"Da sun ba ka," na ce. Na sa hannun rigata na goge masa gefen baki.