Ɗanɗanon Bango

Babanmu maginin ƙasa ne, kuma a Gaya ba mai kiransa aiki tun da kowa ya koma siminti. Yayana ma ya matsa masa a rushe ɗakin Baba na ƙasa a zuba bulo. Shi ya sa Baba ya cusa mu cikin mota, har da Inna, muka haye kadarkon kan iyaka zuwa garin Malanbil, muka miƙe kudancin ƙasar Benin. So yake mu ga fadojin sarakunan da, mu yarda ƙasa tana daɗewa.

A wata tsohuwar fada mai jan bango ya tsaya yana murmushi. Ya kankare gefe da farce ya sa a harshe, yadda yake gwada kowace ƙasa kafin ya kwaɓa. Sai ya tofar.

"Mene ne, Baba?" na tambaye shi.

"An gauraya da siminti," ya ce.

Da muka isa tsohon masallacin da ya daɗe yana ba mu labarinsa, bai taɓa bangon ba. Salla kawai ya yi.

Muna hayowa kadarko a dawowa, ya ce wa yayana, "Ka rushe ɗakin."