Zif ɗin da Abdulwahidu Ya Zaɓa wa Dokta Barnaba

Abdulwahidu tela ne, ɗan Fagge, amma a Kuala Lumpur ba wanda ya san shi da ɗinkin riga. Da ka ce mai zif, duk wani ɗan Najeriya daga unguwar Wangsa Maju har Brickfields ya san wanda kake nufi. Yayansa ne ya kawo shi ƙasar, shekara goma sha uku ke nan, don ya riƙa duba yadi kafin a yi lodi zuwa Kano. Yayan ya koma gida, shi ya tsaya, ya samu ɗan lungu a bayan wani shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ya kafa kekensa. Da farko kaftani yake ɗinka wa ɗalibai idan salla ta matso. To salla sau biyu ce a shekara, jakar tafiya kuwa kullum sai ta wani ta ƙi rufuwa. A haka sana'ar ta koma ta filayar matse zif da guntun kyandir na goga wa haƙoransa. Har ya kai idan ya ja zif sau ɗaya, daga ƙarar kawai yake gane ko zai yi shekara ko ba zai kai wata ba.

Cikin masu kawo masa gyara akwai Dokta Barnaba, mutumin Pankshin, malamin jami'a, dattijo mai jiki da yawan dariya. Wata Asabar ya shigo lungun ba jaka a hannunsa, ya ce alfarma yake nema: yana so Abdulwahidu ya raka shi wani kanti ya zaɓa masa wando. Abdulwahidu ya ɗauka zolaya ce, don shi bai taɓa jin an ɗauki tela zuwa sayen wandon kanti ba. Dokta ya ce ya dai zo ya gani.

Kantin na kayan kamun kifi ne. Mai shagon, wani Basinne, ya sauko da abin daga kan rataya, Abdulwahidu ya tsaya yana kallo baki buɗe. Wando ne, amma ya taho har ƙirji, da igiyoyi biyu na ratayawa a kafaɗa, ga takalman roba manne a ƙafafun. Kamar an sare mutum daga hammata an rataye sauran. Da ya juya takardar da ke maƙale ya ga kuɗinsa, sai ya saki wandon kamar ya ƙona shi.

“Dokta, wannan ai keken ɗinki ne sabo fil. Wando guda?”

Dokta ya yi dariya ya yi masa bayani. Shekara shida ke nan yana zuwa kogunan da ke bayan gari yana fatsa, irin wadda ake tsayawa tsakiyar ruwa ana wurga igiya. Da gajeren wando yake shiga, sai bara ciwon suga ya buɗe masa gyambo a yatsan ƙafa, likita ya ce kada ƙafar ta ƙara taɓa ruwan kogi. Wannan wandon ne kaɗai mafita. Kuma mai suga ba ya awa ɗaya bai yi fitsari ba, idan babu zif a gaba sai ya fito ya tuɓe komai kowane lokaci. Abin da yake tsoro shi ne zif ɗin da zai yi yoyo, shi kuwa bai san komai game da zif ba.

Nan Abdulwahidu ya ƙara shiga mamaki. Shi a saninsa zif ƙofa ce, inda iska ta shiga ruwa ma zai shiga. Ya karɓi na farko ya ja, ya ji yana ƙaiƙayi a hannu. Haƙoran irin na jakar makaranta ne, an dai lulluɓe su da leda. Ya ajiye. Na biyu yana da kyan gani, amma da ya lanƙwasa shi sai ya ga haske ta tsakanin haƙoran. Na ukun ne ya tsayar da shi. Haƙoran na cikin roba mai kauri, idan suka haɗu sai leɓɓan robar su matse juna, a can sama kuma akwai ɗan gida da kan zif ɗin yake shigewa ya zauna daram. Ya ja shi sama da ƙasa ya fi sau goma yana saurare. Sannan ya rufe, ya naɗe bakin wandon, ya danne iskar da ke ciki da gwiwarsa, ya kai kumatunsa kusa da zif ɗin. Ko ɗan huci bai ji ba. Mai shagon ya ce shekara ashirin yana sayar da kayan nan, bai taɓa ganin mai saye ya yi haka ba.

Abdulwahidu ya sa Dokta ya saka, ya tsuguna, ya ɗaga ƙafa kan kujera, don a tabbata bai matse shi ba. Ya gargaɗe shi ya riƙa wanke yashi daga haƙoran, kuma kullum ya kai kan zif ɗin har gidansa. Mai shagon ya ƙara da cewa bel ɗin ƙugu ba ado ba ne, a ɗaure shi tam. Dokta ya ce boleh, wato to a yaren ƙasar, ya ji.

Asabar ta gaba Dokta ya nace sai Abdulwahidu ya zo ya ga aikin wandon a cikin ruwa. Suka ɗauki hanya da safe, suka yi tapau, wato ƙunshin abincin tafiya, na shinkafa a wani mamak, irin gidajen abincin bakin hanya, tafiyar awa ɗaya da rabi suka kai wani kogi mai duwatsu a gindin tsaunuka. Abdulwahidu ya nemi faffaɗan dutse a gaɓa ya zauna. Ya tambayi ina tanar da za a sa wa ƙugiya, Dokta ya buɗe masa ɗan akwati. Gashin tsuntsu ne da zare, an ɗaɗɗaure su sun yi kama da ƙuda. Bai gama jinjina wannan ba, Dokta ya kamo kifi mai jan wutsiya, tsawon damtse, ya riƙe shi cikin ruwa yana murmushi, ya zare ƙugiyar, ya sake shi ya tafi. Abdulwahidu ya miƙe tsaye. Ya tambaya ko kifin ba shi da lafiya ne. Dokta ya ce lafiyarsa ƙalau, haka ake yi. Abdulwahidu ya koma ya zauna. Mutum ya sayi wando da kuɗin keke, ya ƙona mai, ya tsaya a rana, don ya gaisa da kifi.

Wajen azahar zafi ya tsananta. Dokta ya kwance bel ya jefo gaɓa, ya sauke zif ɗin har cibiya don ya sha iska, tunda ruwan bai wuce cinyarsa ba. Abdulwahidu ya yi magana, Dokta ya ce masa minti biyar ne kawai.

Ko ɗigon ruwan sama bai sauka inda suke ba. A can kan tsaunuka aka yi shi. Abin da Abdulwahidu ya fara lura da shi, ruwan da yake garau ya koma launin shayi, ganyaye da ƙirare suna tahowa a kai. Sai wani rugugi daga sama kamar tirela. Ya ƙwala wa Dokta kira. Dokta ya juyo zai fito, taku uku ya yi, ruwan ya kai masa ƙugu, ya zame.

Wandon ya buɗe baki kamar buhu ya cika. Ruwa ya ja Dokta ya maka shi jikin dutsen da Abdulwahidu ke kai, ya samu ya cafki wata saiwa. Ya yunƙura zai hau, ya kasa. Ruwan da ke cikin wandon ya fi ƙarfinsa, kogin kuma yana fizgar sa ta ƙafafu. Fuskarsa ta yi fari fat, idanunsa a waje.

Abdulwahidu bai iya iyo ba. Bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba. Ya kwanta rub da ciki a kan dutsen, ya saƙala ƙafarsa a wani tsagi, ya miƙa hannu ya damƙi wuyan rigar Dokta. Ya ja, kamar yana jan mota.

“Sake ni, Malam Abdul, kada mu tafi tare.”

Abdulwahidu ya ƙara damƙe rigar. Da ɗaya hannun ya ɓalle igiyoyin kafaɗa, ya cusa hannun cikin ruwa har kansa ya nutse, yana lalube a kan cikin Dokta, ya samu kan zif ɗin. A ransa ya san idan yashi ya shiga haƙoran, shi ke nan. Ya ja ƙasa. Zif ɗin ya tafi sumul har ƙarshe. Ya ɗago yana tari, ya ce wa Dokta ya yi ta shure-shure. Ƙafa ɗaya ta fita, sannan ɗayar, wandon ya kumbura ya juya sau ɗaya, ruwa ya tafi da shi. Dokta ya hau dutsen da rarrafe, suka ja jiki zuwa tudu. Kafin su juyo, dutsen ya ɓace a ƙarƙashin ruwa.

Sun fi rabin awa zaune a ƙasa. Abdulwahidu yana ta maimaita salati. Dokta ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa.

Ƙafar Dokta ta kumbura, ya yi kwana tara a asibiti, amma yatsan ya tsira. Matarsa Lai'atu ta zo har lungun Abdulwahidu, ta tsaya gaban keken za ta yi godiya, kuka ya hana ta. Daga ƙarshe ta ajiye masa kular abinci ta fita. Sandunan fatsar kuwa ta kwashe ta kai gidan wata ƙawarta, ta ƙi faɗa wa mijin ko wace ce.

Shi Abdulwahidu mako guda ya yi ko zare ya kasa zura wa allura. Matarsa Hasanatu ce ta fara gane ba tsoron abin da ya faru ne ke damunsa ba, tsoron abin da zai faru ne da a ce Dokta ya kuɓuce masa, yana kwance yana kallo ba abin da zai iya. Ita ta je ta yi magana da wani Ba'indiye mai koyar da iyo a wurin ninƙaya na unguwarsu. Yanzu duk Lahadi da safe, mutum mai shekara arba'in da bakwai yana can ɓangaren da ruwa bai da zurfi, riƙe da ƙarfen gefe yana buga ƙafa. Wata huɗu ke nan. Ya iya sa kai cikin ruwa ya ƙirga goma, amma har yau bai yarda ya saki ƙarfen ba.