Hoton Kafaɗun Kawu

Gusau zuwa Anka

Ana sallame asuba na rataya kyamara na nufi tasha. Aikina ɗaukar hoton jikin mutum da hasken rana zalla, ba fitila: bayan manomi, damtsen maƙeri. Wanda na fi so in ɗauka kuwa Kawu Ɗan'ali ne na Gummi, tsohon ɗan kokawa. Shekaru ina roƙonsa ya tuɓe mini riga, yana cewa jikin da ya kayar da maza ba abin kallon yara ba ne. Sai ga saƙo ya ce in zo, ya yarda. Na san ciwo ne ya sassauto da shi.

A shingen shiga Anka wani soja ya bi hotunana ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni ko mutanen nan duk ba su da riguna ne. Kafin in gama yi masa bayani motarmu ta gaji da jira ta tafi.

Bukkuyum

Da la'asar na samu wata bas. Mun yi nisa aka ce hanya ba kyau a gaba, direba ya karkata da mu Bukkuyum. Na roƙe shi ya wuce da mu Gummi, ya ce: "Malam, in kai ka gaji da rai, ni ina da ɗiya." A shagon wani tela na kwana.

Gummi

Tun daga nesa na hango tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan Kawu. Inna, matar Kawu, ta ce da asuba ya cika.

"Jiya da hantsi yat tuɓe riga yaz zamna bakin ƙohwa shina jiranka," in ji ta. "Yac ce kai kac ce hasken sahe ka ka so. Sai da rana tay yi zahi munka maishe shi ɗaki."

Da yake ba shi da ɗa namiji, ni aka kira in kama wa liman wanka. Hasken hantsi ya ratso ta saman zana ya kwanta a kafaɗun Kawu, duk tabon da ke jiki ya fito, har da wani babba a kafaɗa ɗaya. Ban taɓa ganin haske irin wannan ba. Kyamarata na rataye a zaure, kuma can ne wurinta, don ba a ɗaukar gawa hoto a wurin wanka. Na ci gaba da zuba ruwa ina kuka.

Gida

Bayan addu'ar uku na dawo Gusau lafiya, na gode wa Allah, na gode wa telan Bukkuyum. Da hannuna na wanke kafaɗun nan, amma jiya na yi ta tunani, na kasa tuna ko babban tabon a dama yake ko a hagu.